Motar da Aka Hana Gogewa

A shekarar da ta biyo bayan Babban Taron Ƙasa, zaɓe ya zama kamar mura a Kwatano: in ya kama ka yau, gobe maƙwabcinka ne. An zaɓi 'yan majalisa, an zaɓi shugaban ƙasa, sai abin ya gangaro ya shigo unguwar Zongo. Mahauta suka zaɓi nasu, masu goro suka zaɓi nasu, har kwamitin yashe kwata sai da ya nemi akwati da ƙuri'a. Mutanen da suka shekara goma sha bakwai suna kiran juna kamarad, suna tafi duk sanda aka ce a tafa, suka wayi gari duk sun tuna cewa tun asali su 'yan dimokuraɗiyya ne, tambayarsu ce dai ba a yi ba.

Sandikar masu motocin Zongo, wato ƙungiyarsu, ita ma ta ce ba za a bar ta a baya ba. Da can daga biro, ofishin hukuma, ake aiko sunan shugabanta a takarda, a karanta, a tafa. Yanzu aka ce ƙuri'a za a jefa, ranar Lahadi, a cikin wata lekol, wato makaranta. 'Yan takara biyu ne. Akwai Alhaji Abdulƙahar, mai manyan motoci goma sha ɗaya da ke hawa garin Malanville can arewa, wanda bai taɓa riƙe sitiyari da hannunsa ba tun da aka haife shi. Akwai Kassoum, mai motoci tara da muryar mai ashirin.

Halilu ba shi da mota, saboda haka ba shi da ƙuri'a. Abin da yake da shi makullin mota ne. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙi a gidan su Alhaji Abdulƙahar. Ya tuƙa mahaifin Alhaji har zuwa ranar da aka kai shi makwancinsa, shi ya riƙa kai Abdulƙahar lekol tun yana kukan ba ya son zuwa. Makullin nan shi ne ɗakin da ke jikin gareji, inda yake zaune da matarsa Zinariya. Shi ne kuma kalmar "Baba" da Alhaji ke ɗorawa a gaban sunansa. Kwanakin nan kuwa Alhaji ya fara wasu 'yan maganganu daga kujerar baya, wai idon mutum ba ya ƙaruwa da shekaru, wai shugaban sandika ya kamata a gan shi da direba mai jini a jika. Halilu yana ji, yana kallon hanya.

In ka tambayi mutanen Zongo, wanke mota shi ne aiki, bushewa kuwa ta Allah ce: a watsa ruwa, a bar rana ta ƙarasa, tunda rana ba ta neman lada. Halilu in ya ji wannan sai ya kau da kai ya tofar da yawu. Shi ya san ruwan rijiyar Zongo. Zartsi ne, teku na nan kusa tana turo gishirinta ta ƙarƙashin ƙasa. Ka bar ɗigo ɗaya ya bushe a kan fenti, zai bar maka zobe. Ka bar ɗari, motarka ta koma zabuwa.

"Wanki ko mahaukaci ya iya," in ji shi. "Gogewa ce sana'a."

Yana da wata fata rawaya, mai laushi kamar kunnen ɗan akuya, wadda wani Bature injiniyan tashar jirgin ruwa ya bar masa tun ƙasar tana Dahomey. Sau huɗu ta mutu yana sayen wata, amma har yau fatar Bature yake kiranta, babu kuma mai ƙarfin halin yi masa lissafi. A cikin gwangwanin madara take kwana, da ɗan damshinta. Ba ya murza ta zagaye-zagaye kamar mai wanke tukunya. Shimfiɗa ta yake yi a rufin mota, ya kama kunnuwanta biyu, ya jawo ta a hankali zuwa ƙirjinsa, ya matse, ya sake. Daga sama zuwa ƙasa. Sannan ya buɗe ƙofofi ya bi lungunan da ruwa ke ɓuya, ƙarƙashin madubi, bakin tankin mai, wuraren da tsatsa ke fara sallama. Kuma dole ya gama kafin rana ta leƙo ta saman katangar masallaci. Shekara talatin da ɗaya, rana ba ta taɓa riga shi ba.

Saboda zaɓen nan Alhaji ya sauke farar Marsandi daga tashar jirgin ruwa. An yi shekara tara ana hawanta a Turai, amma da ta taka Zongo sai ta koma sabuwa fil. Saboda zaɓen nan ne kuma ya ɗauki Malam Mounkaïla, wani baƙo da ya sauka unguwar wata uku da suka wuce, da ƙafarsa, da jaka ɗaya cike da kwalabe. Zuwansa ya yi daidai da fara kamfe, abin da masoyansa suka ce alama ce ta baiwa.

Ranar Asabar da la'asar aka aiki Halilu garin Sèmè a motar haya, da wata wasiƙar da ko gobe aka kai ta ba abin da zai ɓaci. Ya dawo ya tarar da gareji a rufe. Bai kawo komai a ransa ba.

Lahadi, yana dawowa daga sallar asuba, ya buɗe gareji ya tsaya cak.

Marsandi ta zama abin tausayi. Wani ruwa ja-ja baƙi-baƙi ya gangaro daga rufinta ya yi layi-layi a ƙofofi, ya taru a gindin gilashi. Ga ɓarɓashin ganye a murfin inji, ga wani wari mai tsami, ƙudaje har sun fara zuwa gaisuwa. Halilu bai yi dogon tunani ba. Wa zai yi wa farar mota haka a safiyar zaɓe in ba 'yan Kassoum ba?

"Allah ya isa," ya ce, ya tuɓe riga.

Ya turo ta waje, ya jawo ruwa, ya bi ta da soso yana wankewa a bokiti har ruwan bokitin ya koma kamar shayin Buzaye. Ya ɗauraye. Sannan ya buɗe gwangwani. Bai taɓa yin gogewa mai daɗin ta ranar ba, don yana yi yana hango fuskar Kassoum. Yana kan madubi na ƙarshe Alhaji ya fito, cikin babbar rigar shadda da ke ƙara in ya motsa.

"Baba Halilu..."

"Barka da asuba, Alhaji. Kada ranka ya ɓaci, na riga na gama da ita. 'Yan Kassoum ne suka shigo suka watsa mata ƙazanta. Amma duba ka gani, ko ɗigo."

"Ka wanke?"

"Na wanke, na goge."

"Ka goge."

"Har ƙarƙashin madubi."

Alhaji ya dafe hularsa da hannu biyu kamar iska za ta tafi da ita. "Innalillahi! Halilu, ka kashe ni!"

Halilu ya lura "Baba" ta faɗi a hanya.

"Aikin Malam Mounkaïla ne ka wanke! Kwana bakwai yana haɗa shi! An ce kada hannu ya taɓa, a bar shi ya bushe da kansa ya shiga jikin motar, in shiga taro a cikinta, duk wanda ya gan ni zuciyarsa ta karkato!"

"To, Alhaji, ai ba wanda ya gaya mini."

"Asiri ne! Ana gaya wa direba asiri?"

Ba a gaya masa, wannan gaskiya ne. Ana dai zuba asirin a kan abin da ya shekara talatin da ɗaya yana wankewa kowace safiya, a rufe ƙofa, a je a kwanta da kwanciyar hankali.

Zinariya na bakin ƙofar gida tana suyar ƙosai, kunnenta kuwa na gareji. Ta taso da matsami a hannu.

"Alhaji, in ba za a ce na yi shisshigi ba..."

"Inna, wannan ba maganar mata ba ce."

"Haka ne. Ni dai na ga maganin mazan yana zaune a bokiti, ban zubar ba tukuna. Na ce ko ana so."

Alhaji ya leƙa bokiti kamar mai leƙa jariri. Nan take aka tura zemijan, mai babur ɗin haya, ya ɗauko Malam Mounkaïla.

Malam ya iso da ɗan gemunsa da haƙorin Makka da carbi mai kai wa gwiwa. Ya durƙusa, ya sansana bokitin, ya rufe ido ya daɗe.

"An taki sa'a," ya ce. "Ƙarfin yana ciki. Da an zubar, da shi ke nan."

"Da yau kwata ta ci zaɓe," in ji Zinariya, ƙasa-ƙasa, tana komawa wurin kaskonta.

Malam ya zaro kwalba ya tsiyaya rabinta a bokitin don ƙarin ƙarfi. Hancin Halilu ya tsinci bagaruwa, ya tsinci kanwa, da wani abu mai tsami kamar ruɓaɓɓen lemo. Bagaruwa! Abin da majema ke rina fata da shi. Ya buɗe baki, Malam ya riga shi.

"Hannun da ya cire, shi zai mayar. Kuma kada a taɓa ta sai an gama ƙirga ƙuri'a."

"Ka ji," in ji Alhaji. "In na faɗi zaɓen nan, ko in na ga hannunka a jikinta kafin lokaci, ka ajiye mini makullina, ka nemi ɗaki. Na gama magana."

Halilu ya dubi ƙofar ɗakinsa, da labulen da Zinariya ta ɗinka, da takalmansu biyu a bakin dokin ƙofa. Ya sunkuya ya ɗauki bokiti. Ya ɗaga shi sama da kansa, ya juye a rufin motar da ya gama gogewa. Ruwan ya gangaro, da kumfar sabulu da yashi da ganye da duk wata albarka da ke ciki. Daidai nan rana ta leƙo ta saman katangar masallaci. Ya mai da hannayensa baya, ɗaya ya riƙe ɗaya kamar ɗan sanda ya kama ɓarawo, ya tsaya yana kallon rana tana yi masa aikinsa.

Da hantsi suka kama hanya. Alhaji a baya yana ɗaga wa mutane hannu, yana jiran zukata su karkato. Sun karkato kuwa, har da wuyaye. Wani ɗan zemijan ya matso gefen taga.

"Baba, wannan daga Turai ta zo, ko daga ambaliyar unguwar Ladji aka tsamo ta?"

Halilu ya kafe idonsa a hanya. A unguwar nan babu wanda bai san hannun da ke kula da motar gidan Alhaji ba. Ba wanda zai ce aikin malami ne. Cewa za a yi Halilu ya tsufa.

A ƙofar lekol dimokuraɗiyya ta raba mutane gida biyu: masu mota suka shiga ciki, masu tuƙa ta suka tsaya waje. Inuwa ɗaya ce a filin, ta wani mangwaro, masu abinci kuma sun riga sun zaɓi kansu a ƙarƙashinta. Halilu ya ajiye Marsandi a tsakiyar rana. Yana fitowa ya ga shuɗiyar Fijo ta Kassoum a gefensa. Ya ƙifta ido ya sake dubawa. Layi-layi ja-ja daga rufi zuwa ƙofa. Ɓarɓashin ganye a murfin inji. Ƙudajen ma kamar 'yan gida ɗaya ne.

Ɗahiru, direban Kassoum, sa'ansa ne, tare suka koyi tuƙi. Yana jingine da katanga yana cin goro. Ya dubi Marsandi, ya dubi Halilu, goro ya kusa shaƙe shi.

"Tsoho! Kai ma?"

"Wa ya yi muku?"

"Sirri ne. An ce in na faɗa bakina zai karkace."

"Mai ɗan gemu da haƙorin Makka?"

"Af. Ashe bakinka ne zai karkace, ba nawa ba."

"Ya ce muku ku kaɗai ya yi wa?"

"Har da rantsuwa." Ɗahiru ya yi dariya har da dukan cinya. "To me kake so? Ai wannan shi ne sabon zamanin. Ba a nuna bambanci, kowane ɗan takara ya sami rabonsa."

"Fenti zai ci, Ɗahiru. Akwai bagaruwa a ciki."

"Ya ci mana. Motar ubana ce? Ni in an ce in shafa mata kashin shanu, tambayata ɗaya ce, na sa ko na saniya."

Daga ciki lasifika ta fara aiki. Kassoum ya yi alkawarin canji. Alhaji ya yi alkawarin canji na gaskiya. Kassoum ya dawo ya ce shi tun zamanin kamarad yake adawa a cikin zuciyarsa. Aka tafa. Hannayen sun saba, ba su bukatar a gaya musu.

Rana ta hau. Halilu ya zagaya motar sau uku, hannu a baya. A na huɗu ya tsuguna ta baya, inda ba mai gani, ya ɗan kankare layi ɗaya da farce. Ɓawon ya tashi, amma ƙarƙashinsa ya bar wata inuwa rawaya a jikin farin. Ya sa yawu ya murza. Ta ragu, ba ta tafi ba. Ya san abin da ke nan. Ƙarfe ya yi zafi, ruwan yana dahuwa a kansa. In aka kai la'asar, ba fatar Bature ba, ko Baturen ne ya dawo da kansa ba zai fitar da shi ba. Motar za ta yi shekaru tana yawo a Zongo da tabo, shi kuma yana ciki, a gaba, kowa na ganinsa.

Ya tuna ɗakin. Ya tuna akwatunan Zinariya guda uku da babu inda za a kai su. Ya tuna cewa ba a ɗaukar direba mai furfura, ko a wannan zamani da aka ce kowa daidai ne. Ya koma ya zauna a kan wani dutse, ya ce wa kansa motar ba tasa ba ce, Ɗahiru ya fi shi hankali. Ya yi minti biyar yana da hankali.

Sai ga wata mata tafe da daron ruwan famfo a kai. Halilu ya ji bakinsa ya kira ta kafin ya yi shawara da shi.

Gwangwanin madara na ƙarƙashin kujera, inda yake kullum. Babu inuwa, saboda haka ba zai jiƙa motar gaba ɗaya ba. Ya riƙa binta taki-taki: ya wanke wuri kamar faɗin faranti, ya ɗauraye, ya shimfiɗa fata ya ja kafin rana ta ankara, ya matsa gaba. Direbobi suka taru.

"Baba Halilu ya fito takara!"

"Ku bar shi, yana goge wa kansa hanyar komawa ƙauye ne."

"Tsoho, ka haukace," in ji Ɗahiru. "Makullinka fa."

"Matsa, kana tare mini haske."

Ɗahiru ya tsaya yana kallonsa. Can ya yi tsaki, ya buɗe bayan Fijo ya ɗauko tabarmar salla, ya ware ta sama da hannu biyu, ya yi wa wurin da Halilu ke gogewa inuwa.

"Ba don kai ba," ya ce. "Don kada a ce sa'ana ya mutu a rana ina kallo."

Surutun ya ragu. Mutanen nan duk sun wanke mota sau dubu, amma yawancinsu ba su taɓa tsayawa sun ga yadda ake goge ta ba. Fata ta kwanta, ta taso, farin ya fito a bayanta kamar an ɓare dafaffen ƙwai. Wurin inuwar rawayan nan ya fi ba shi wahala. Sai da ya bi shi sau shida.

Aka kira azahar. Aka dakatar da taro don a yi salla kafin a jefa ƙuri'a, masu motoci suka fito neman ruwan alwala. Abin da suka fara gani shi ne motoci biyu a jere, ɗaya kamar an tono ta, ɗaya tana mayar wa rana haskenta. Wani dattijo mai tireloli ya tsaya ya gyara hularsa a jikin ƙofar Marsandi.

"Ka ga motar mutum mai tsari," ya ce.

Alhaji bai ji shi ba. Ya tsaya a bakin matakala, fuskarsa ta yi kalar ruwan bokitin ɗazu. Ya tako a hankali, saboda mutane na kallo, har da murmushi, saboda masu ƙuri'a ne. Ya miƙa hannu.

"Makulli."

"Saura madubi ɗaya, Alhaji."

Ya goge madubin, sama da ƙasa. Ya matse fata, ya naɗe ta, ya sa a gwangwani, ya rufe. Sannan ya zaro makullin ya ɗora a tafin Alhaji. Ya yi sallarsa a gefen katanga, ya kama hanyar gida da ƙafa, gwangwani a hammata.

Zinariya na wanke kasko ta gan shi ya shigo ba ƙarar inji.

"Maigida, ina motar?"

"Tana can. Tana sheƙi."

"Ina makullin?"

Ya zauna a bakin ƙofa ya fara cire takalmi.

"Madalla," ta ce. "Sai mu je mu kwana a cikin sheƙin." Ta shiga ɗaki. Ya ji ƙarar akwati na farko ana jawo shi daga ƙarƙashin gado.

Bayan la'asar aka fara jin oda da ihu daga bakin titi. Alhaji Abdulƙahar ya ci, arba'in da ɗaya da talatin da shida. Daga baya masana sun yi bayani iri-iri. Wasu sun ce jawabinsa ne, wasu sun ce motar ce. Buhunan shinkafar da suka zagaya gidaje ranar Alhamis babu wanda ya ambace su, wataƙila don an riga an dafa.

Malam Mounkaïla kuwa ya yini a wani shago da ke tsakiyar hanya, nisansa da gidan Alhaji daidai da nisansa da gidan Kassoum. Ana gama ƙirga ya bayyana a ƙofar lekol, ta ɓangaren da ya dace. Alhaji ya ja shi gefe ya gaya masa ɓarnar da direba ya yi.

Malam ya yi murmushi, haƙorin Makka ya haska. "Alhaji, ai aikin ke nan. A zuba, a wanke, a mayar, a sake wankewa a gaban jama'a, da hannun tsohon da bai san komai ba. Da na gaya muku, da ya lalace."

"To na Kassoum fa? Na ga irinsa a motarsa."

"Wannan na ɗauri ne. Ka ga an wanke nasa?"

Alhaji ya duba. Ba a wanke ba. Hujja ta cika.

"Amma ka kiyaye," in ji Malam. "Hannun tsohon nan ya shiga cikin aikin. In wani ya tuƙa motar nan ko ya goge ta, kujerar ba za ta zauna ba."

Shi ya sa sabon shugaban sandikar masu motocin Zongo, mai manyan motoci goma sha ɗaya da Marsandi, ya dawo gida a bayan zemijan, babbar riga na kaɗawa, makulli a aljihu. Bai shiga cikin gida ba. Ya wuce kai tsaye ƙofar ɗakin da ke jikin gareji, inda akwatuna biyu suka riga suka fito waje.

"Salamu alaikum. Baba Halilu."

"Baba" ta dawo, ko ƙura ba ta kwasa ba.

"Alhaji. An ce Allah ya ba da nasara. Allah ya taya riƙo."

"Amin. Inna, mayar da kayan nan ciki, wa ya ce ku fita? Baba, ga makullinka. Ashe kai ne cikon aikin, Malam ya yi mini bayani. Hannunka na da wani abu. Daga yau ba mai taɓa motar nan sai kai, har iyakar rai."

Halilu ya dubi makullin. Yana so ya ce hannunsa ba shi da komai sai shekara talatin da ɗaya. Yana so ya ce bagaruwa ce da kanwa, kuma da an ƙara awa biyu da an ga cikon aiki. Ya ja numfashi zai fara, Zinariya ta taka masa ƙafa.

"Karɓi, Maigida," ta ce, "kafin Malam ya sake wani bayanin."

Ya karɓa. Ya sa takalmi ya koma lekol da sauri, don yamma ta yi, raɓar teku kuma ba ta san an ci zaɓe ba.

Tun daga ranar, kowa a Zongo ya san cewa ruwan sa'a ba ya kamawa sai an wanke shi sau biyu. Akwai ma waɗanda za su rantse maka cewa haka kakanninsu ke yi tun suna fatauci da jakuna.

Wata biyu bayan haka, da sassafe, Halilu na matse fata sai ga wata jar mota ta tsaya a bakin gareji, da takardar tashar jirgin ruwa manne a gilashinta. Zaɓuɓɓuka sun yi albarka a shekarar. Malam Mounkaïla ya fito daga kujerar baya, ya zagaya ta yana shafa ta da gefen carbi.

"Baba Halilu, an ce duk unguwar nan ba kamarka. Ka ɗan duba mini ita. Amma don Allah ka goge da wuri, kada ka bari rana ta busar da ita. An ce ruwan nan naku yana da gishiri."

Halilu ya dubi motar, ya dubi jakar kwalaben da ke kujerar gaba.

"Allah gafarta Malam, za a fara zuba mata ruwan ne, ko in wanke haka?"

"Wane ruwa?"

"Na sa'a."

Malam ya waiga hagu, ya waiga dama, ya rage murya.

"Kai, Baba. Sabon fenti ne fa."